Nana Asma'u 'Yar Shehu, Wadda Ta Ɗaure Ilimi Da Ƙafiya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waliyyan Allah baki ɗaya.

Duk wanda ya taɓa kwana a wurin Maulidi a Maraɗi, ko Tasawa, ko wata zawiya a ƙauyukan Mayahi, ya ji yadda ake jan Ishiriniya: ɗango huɗu su sauka a kan sauti ɗaya, na biyar ya koma kan harafin da ƙasidar take tafiya a kansa. Da yawa daga cikin masu amsawa ba su san bakin mutum biyu suke ji ba. Ɗango biyun ƙarshe na Alfazazi ne, malamin Andalus da ya rasu a 1230, ukun farko kuwa na Ibnu Muhibu ne, wanda ya zo daga baya ya ɗora nasa a gaban na magabacinsa. Wannan aiki shi ake kira tahamisi. A ƙasar Hausa akwai gidan da ya riƙe ilimin tsara baiti kamar yadda ya riƙe fiƙihu da tauhidi, wato gidan Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya ƙara masa yarda. A cikin 'ya'yan gidan, wadda ta kai wannan ilimi har ɗakunan matan ƙauye ita ce Nana Asma'u, wadda Sakkwatawa ke kira Uwar Daje.

An haife ta a Degel a shekarar 1793, daidai da 1208 bayan Hijira. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hasan. Bisa al'ada Husaina ya kamata a kira ta, amma Shehu ya raɗa mata sunan Asma'u, 'yar Sayyidina Abubakar Siddiƙu, wadda ta riƙa kai guzuri kogon Sauru a lokacin Hijirar Annabi (SAW). Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama, sai ta tashi a hannun sauran matan Shehu, waɗanda su ma ma'abota karatu ne da zikiri. Tana jaririya ne, a 1794, Shehu ya ga shahararren ganin nan da Sidi Abdulƙadir Jilani ya ɗaura masa takobin gaskiya, kuma jama'ar da ta girma a cikinta da sunan Ƙadirawa take kiran kanta.

A gidan nan waƙa ba abin hira ba ce. Shehu yana ɗan kimanin shekara ashirin ya tsara ƙasidarsa ta begen Manzon Allah da Larabci, wadda ake kira Daliyya saboda baitocinta suna ƙarewa da harafin dal, harafin ƙarshe na sunan Muhammad. Haka Larabawa ke laƙaba wa ƙasida suna da harafin ƙafiyarta. Burda ta Busiri, alal misali, mimiyya ce. Ƙanen Shehu, Malam Abdullahi na Gwandu, ya yi wa Daliyyar tahamisi. Shehu kuma ya yi waƙoƙi masu yawa da Fulatanci domin makiyayan da ba za su zauna gaban littafi ba. A littafinsa Nurul Albabi ya yi kakkausan zargi ga malaman da ke karantar da almajirai a zaure su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. To, a irin wannan gida Asma'u ta hardace Alƙur'ani, ta yi fiƙihu da hadisi da tasawwufi, ta iya Larabci da Fulatanci da Hausa har tana tsara baiti da kowannensu.

Tana da shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. Ta ga yunwa da yaƙi da ƙaura daga sansani zuwa sansani har aka ci Alƙalawa a 1808. A cikin waɗannan shekaru aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda ya zama Wazirinsa bayan rasuwar Shehu a 1817. Rubutunta na farko da aka sani, Tanbihul Gafilina, zube ne da Larabci, ta yi shi a 1820.

Bayan shekara biyu ta yi waƙar da ta nuna irin hannun da take da shi. A 1822 rundunar Gobirawa da Abzinawa ta yi wa Sakkwato barazana, hankalin mutanen gari ya tashi. Sarkin Musulmi Bello ya ɗauki aya ta biyar ta Suratu Alam Nashrah, wadda ke albishir da sauƙi tare da tsanani, ya tsara baitoci da Larabci, kowane baiti ya fara da harafi ɗaya daga haruffan ayar bi da bi. Asma'u ta mayar masa da amsa da Fulatanci a kan wannan tsari. Haruffan ayar goma sha huɗu ne, baitocinta ma goma sha huɗu. Wanda ya bi farkon baitocin daga sama zuwa ƙasa, ayar zai karanta. A duba wahalar da ta ɗora wa kanta: farkon baiti a ɗaure yake da harafin aya, ƙarshensa a ɗaure da ƙafiya, tsakiyarsa a ɗaure da ma'auni, kuma a haka ma'anar addu'a za ta fita ba tare da ta karkace ba. Tana da shekara ashirin da tara a lokacin, mijinta da yayanta suna bakin daga. Mai tsoro yakan sake baki ya faɗi duk abin da ya zo masa. Ita kuwa ta zauna tana ƙirga haruffa, ta sa maganarta ta bi bayan maganar Allah harafi da harafi.

Ya kamata a ɗan tsaya a kan ma'aunin nan, domin shi ne ƙashin bayan aikinta. Halilu ɗan Ahmad, malamin Basra na ƙarni na biyu bayan Hijira, shi ya tattara ma'aunan waƙar Larabawa ya fitar da bahari goma sha biyar, Ahfashu ya ƙara ɗaya suka zama goma sha shida. Daga cikinsu akwai Ɗawil da Basiɗ da Kamil da Wafir da Mutaƙarab da Rajaz. Ilimin, wanda ake kira aruli, ya ginu ne a kan jeranta gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Allah da ikonSa, Hausa ma haka gaɓoɓinta suke. Kalmar gaskiya gaɓa uku ce: ta farko mai nauyi, ta tsakiya marar nauyi, ta ƙarshe mai nauyi saboda ana jan wasalinta, wato daidai da ƙafar da masu aruli ke kira fa'ilun. Saboda wannan dacewa ne malaman jihadi suka zuba Hausa da Fulatanci cikin ma'aunan Larabci suka zauna daram, kamar an yi tulun don ruwan.

Ƙafiya kuwa, wadda malaman Hausa na yanzu ke kira amsa-amo, ita ce sautin da kowane baiti ke sauka a kansa. A nan rubutacciyar waƙa ta rabu da waƙar baka. Makaɗin fada ko na noma kiɗa da amshi ke riƙe masa waƙa, ba dole ba ne ƙarshen layukansa su yi kama da juna. Waƙar malamai ba ta da ganga, murya ce kawai, don haka ma'auni da ƙafiya su ne gangarta. Mafi yawan waƙoƙin Asma'u ƙwar biyu ne, wato kowane baiti ɗango biyu, tsarin da ake kira 'yar tagwai, ga shi kuwa ita ma 'yar tagwai ce. Akwai ƙwar huɗu, akwai ƙwar biyar, amma ƙwar biyu ta fi sauƙin ɗauka ga wadda za ta hardace tana daka ko tana kaɗi.

Da yake kusan duk kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, samun ƙafiya a Hausa ba wuya ba ne. Duniya, lafiya, gaskiya, tarbiyya, ga su nan birjik. Wuyar ita ce a zaɓi ƙafiyar da za ta yi wa mai ji aiki. A waƙarta Kiran Ahmada, ta 1839, Asma'u ba ta tsaya kan harafi kawai ba, sunan Annabi sukutum ta mayar ƙafiya, kowane baiti a kansa yake sauka. Haka Begore, doguwar waƙar bege mai baiti sama da ɗari uku, wadda ke bin tarihin Manzon Allah. Mai sukar adabi zai iya cewa maimaita kalma ɗaya a ƙarshen baiti gajarta hanya ce. Muridi ba zai ce haka ba, domin ya san abin da ke faruwa ga zuciya idan harshe ya yawaita komawa kan suna ɗaya. Matar da ta rera Begore daga farko zuwa ƙarshe ta ambaci Annabi sau ɗaruruwa, ta kuma koyi sira a hanya. Ga shi kuma sunan ya tsaya a mazaunin amshi, abin da kunnen Bahaushiya ya riga ya saba da shi. Wadda ba ta hardace baitin ba ma tana iya shiga idan an zo ƙarshe.

Wani aikin ƙafiya shi ne tsaro. A 1829 Asma'u ta tsara waƙar da aka sani da Sunago da Fulatanci, inda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin baiti 30, daga baya waƙar ta fito da Hausa da kuma Larabci. Da zube aka ba mace wannan jeri, ta tsallake sura ɗaya, babu mai ganewa. A baiti kuwa, da kalma ta faɗi sai ma'auni ya ɗingisa, kunne ya ji nan take, 'yar'uwarta ta gyara mata. A zamanin da takarda ke zuwa ta hamada a bayan raƙumi, mai tsada, ga gara ga gobara, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A nan ne ya kamata wasu sha'iran bege na yau su yi wa kansu hisabi. Ana jin ƙasidar da aka jawo kalmar Larabci aka karya ta don kawai ta yi daidai da ƙarshen layi, ko a cusa maganar da ba ta da tushe saboda ita ce ta zo da sautin da ake nema. Yabon Annabi ba wurin cike gurbi ba ne. Malam Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya rasu a 1990, makaho ne, amma Imfirajinsa ƙwar biyar yake tafiya a kan ma'auni, shi ya sa har yau bai zube daga bakin mutane ba.

Sai tahamisi, inda aka fara maganar. A zamansa na Sifawa, bayan an ci nasara mulki ya zo hannu, Shehu ya ga abin da ya fara ɓullowa tsakanin wasu masu iko da alƙalai, sai ya tsara waƙar gargaɗi da Fulatanci a kan zalunci da cin amana da sakamakonsu a Lahira. Asma'u ta mayar da ita Hausa, masu bincike suna sanya wannan aiki a 1831, ita ce ake kira Tabbat Haƙiƙa. Fassara waƙa zuwa waƙa ya fi tsara sabuwa wuya, domin ma'anar ta wani ce, ba ka da ikon ƙara mata ko rage ta, kuma dole ta shiga ma'auni a sabon harshe. Daga baya ƙanenta Isa, autan Shehu, wanda aka fi sani da Isan Kware, ya yi mata tahamisi. Ga yadda ake yi: a ɗauki baiti mai ɗango biyu, a tsara sabbin ɗango uku a sa su a gabansa, kuma tilas ukun nan su bi ma'aunin mai waƙa, su ɗauki sautin ƙarshen ɗangonsa na farko. Wannan shi ne ƙaramin amsa-amo, yana canzawa daga baiti zuwa baiti. Ɗango na biyar yana nan da babban amsa-amo da ya ratsa waƙar duka. Idan mutum ɗaya ya tsara biyar ɗin da kansa, muhammasa ke nan, ba tahamisi ba. Idan ɗango biyu aka ƙara suka zama huɗu, tarbi'i ne.

Wanda ya san ladabin muridi a gaban shehinsa zai gane tahamisi ba tare da an yi masa dogon bayani ba. Mai tahamisi ya fi mai waƙa yawan magana a kowane baiti, uku da biyu, amma ba shi da zaɓin ma'auni, ba shi da zaɓin sauti, ba shi ke rufe baiti ba. Aikinsa ya share hanya har maganar magabaci ta iso ta sauka da nauyinta. Idan ya ƙware, mai sauraro ba zai ji wurin ɗinki ba. A Tabbat Haƙiƙa uba ne ya faɗa, 'ya ta juya harshe, ɗa ya faɗaɗa, kuma har yau waƙar Shehu ake ce mata.

Me ya sa Asma'u, wadda Fulatanci ne harshen gidansu, ta dage da Hausa? Amsar ta shafi ƙasar Maraɗi kai tsaye. Sarakunan Katsina da jihadi ya fitar sun kafu a Maraɗi da Tasawa, Gobirawa ma ba su daina gwabzawa da Sakkwato ba. A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke, inda Bello ya ci nasara a kan haɗakar Gobir da Maraɗi da Abzinawa. Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda duk sun faɗi a wurin, bayan nan ne Gobirawa suka kafa Tsibiri. Yaƙe-yaƙen waɗannan shekaru sun kai mata masu yawa, Hausawa, cikin Sakkwato da garuruwan ribaɗi a matsayin kamammu. Ba su jin Fulatanci, ba su karanta Larabci, sun rabu da danginsu, abin da da yawansu suka sani na neman sauƙin zuciya shi ne bori. Tarihi ne mai ɗaci ga jikokin ɓangarorin biyu, kuma Asma'u tana ɓangaren yayanta, har ta yi wa nasarar Gawakuke waƙa. Amma ba ta bar waɗannan mata da sauran matan karkara a gefe ba.

Ta kafa tsarin da ake kira 'yan taru. Ta zaɓi dattijan mata amintattu daga ƙauyuka ta naɗa su jajis, ta sa wa kowace jaji malfa ta naɗe ta da jan rawani. Malfar nan alama ce ta Innar Gobir, shugabar mata da bori a fadar Gobir, matsayin da Iya ke riƙe da irinsa a Maraɗi. Asma'u ta ɗauki alamar da mata suka riga suka sani suke girmamawa, ta ɗora ta a kan malama. Jaji takan taho da ayarin tsofaffi da 'yan mata zuwa gidanta, su zauna su ɗauki waƙa, su koma su koyar da matan aure da ba za su iya fita ba. Littafin karatun wannan makaranta baitoci ne: Godaben Gaskiya, Sharuɗɗan Ƙiyama, Dalilin Samuwar Allah, Roƙon Ruwa da sauransu. Tsarki da salla da tauhidi da sira da tsoron tsayuwar Ƙiyama, duk a ƙirji ake ɗauke da su a bi hanya.

Bello ya rubuta Kitabun Nasiha a kan salihan mata, ya nemi ta mayar da shi waƙa. Ta yi da Fulatanci, ta yi da Hausa a 1837, ita ce Tawassuli Ga Mata Masu Albarka. Ta fara da iyalan gidan Annabi, ta bi ta kan waliyyai irin su Rabi'atul Adawiyya, ta gangaro har matan jama'ar Shehu da aka sani ido da ido. A shekarar ce Bello ya rasu a Wurno, ta yi masa marsiyya. Ta yi wa mijinta Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'ishatu matar Bello. Abin lura shi ne ta yi wa matan da ba 'ya'yan sarauta ba, irin su Zaharatu mai taimakon mata wajen haihuwa, da jaji Hauwa'u. Ma'auni da ƙafiyar da ake yi wa Sarkin Musulmi kuka da su, da su ta yi wa ungozoma.

Waƙoƙinta sukan buɗe da godiya ga Allah da salati, su rufe da salati, sau da yawa kuma da ramzi, wato kalmar da aka harhaɗa daga haruffa masu ɗauke da lissafin shekara. A hisabin Magariba da malaman ƙasar nan ke bi, shin dubu ne, ra ɗari biyu, mim arba'in, zayi bakwai. Idan aka haɗa su an sami 1247, shekarar da ta zo daidai da 1831. Ramzin ma sai ya shiga ma'aunin baiti, don haka mai kwafe ba ya iya canza shi cikin sauƙi. Da wannan ne aka iya jera yawancin ayyukanta shekara da shekara.

Ta rasu a 1864, daidai da 1280 bayan Hijira, tana da shekara saba'in da 'yan kai, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta a Sakkwato. Allah Ya ƙara mata yarda. Isan Kware ya ci gaba da mayar da waƙoƙinta na Fulatanci zuwa Hausa, daga ciki har da Waƙar Gewaye, wadda ke bin sawun Shehu daga Degel zuwa Gudu da Tabkin Kwatto har Sakkwato. Ƙanwarta Maryam ta karɓi jagorancin 'yan taru. Takardun kuwa sun zauna a gidan Waziri, wurin zuriyarta, har zuwa kan Waziri Junaidu, kuma daga taskarsa aka samo mafi yawan ayyukan nata, kimanin sittin, da Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara suka buga a Amurka a 1997, shekarar da shi Waziri Junaidun ya rasu.